Soyayyen irin tafasa da busasshen ganyenta na cikin fakiti: me suke yi, me ba sa yi

Tafasa ciyawa ce da ke fitowa da kanta. Da ruwan farko ya sauka za ta tsiro a bakin hanya da gefen gona da filin da dabbobi suka tattake, ta yi fure rawaya, ta zubar da iri, ta bushe kafin shekara ta zagayo. Wannan ciyawar ce yanzu ake ƙullawa a fakiti mai kyan gani, ana sayarwa a shagunan kayan shayi da na magungunan gargajiya da kuma ta intanet. Kaya biyu ake samu: soyayyen irinta da ake dafawa a sha kamar shayi, da busasshen ganyenta, wani a yadda yake, wani a niƙe. Tsiro ɗaya ya haife su, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Ganyen abinci ne. Irin kuwa rabinsa abin sha ne rabinsa magani, kuma suyar da aka yi masa ce ke nuna ɓangaren da zai rinjaya a kofi.

A bayan fakiti za a ga ɗaya daga sunaye uku: Senna obtusifolia, ko Senna tora, ko tsohon sunan da 'yan kasuwa ba su saki ba har yau, Cassia tora. Na farko da na biyu 'yan'uwa ne na jini, kamanninsu ɗaya in ba ga mai lura sosai ba, kuma duka tafasa ne. Tun 1982, bayan masana tsirrai Irwin da Barneby sun raba babban gidan Cassia gida uku, aka daidaita a kan sanya su ƙarƙashin Senna. Fakitin da bai rubuta ko ɗaya daga cikin sunayen nan ba, sai dai "shayin wanke ciki" ko "shayin rage ƙiba", ya faɗi tun a matakin farko. A gidan Senna ɗin nan filasko yake, wanda ƙarfinsa wajen sa zawo ya ninka na tafasa nesa ba kusa ba, kuma mai saye na da haƙƙin sanin wanne aka ƙulla masa.

Kafin a ɗora ruwa a wuta, a zuba cikin tafin hannu ɗaya na irin a kan farin faranti, a kai shi inda haske yake. Ƙwayar tafasa ba ta da wuyar ganewa. Tsawonta milimita 3 zuwa 6, ba zagayayya ba ce, tana da kusurwoyi, kai da gindi kamar an yanke su a karkace da wuƙa. Fatarta na sheƙi kamar an shafa mata mai, kuma a kowane gefe akwai layi mai haske da ya ratsa ta. Fakiti mai kyau ƙwayoyinsa kusan girmansu ɗaya ne, launinsu ɗaya, babu ɓaraguzan kwanso, babu tsakuwa, babu gari a ƙasan leda. Garin nan ɗayan biyu ne: ko ƙwaro ya shiga, ko suya ta wuce har iri ya ƙone ya farfashe. In an ga ƙwayoyi masu ɗan zagayayyen rami a jiki, ƙwaro ne.

Abin da ya fi ƙwaro da tsakuwa haɗari shi ne rai ɗore. Ita ma Senna ce, sunanta na masana Senna occidentalis, wuri ɗaya suke fitowa da tafasa, lokaci ɗaya suke nuna, kuma ita ma akwai ƙasashen da ake soya irinta a sha a madadin gahawa. Mai tara iri a daji da ke neman cika buhu zai iya haɗa su ko da gangan ko da rashin sani. Irin rai ɗore a baje yake, falle ne mai kama da ɗigon ruwa, ba shi da kusurwa, ba ya sheƙi, launinsa ya dushe, kuma a tsakiyar kowace fuska akwai ɗan tambari mai siffar ƙwai. Wanda ya taɓa jera su biyu a faranti ɗaya ba zai sake rikita su ba. Dalilin da muke nanata wannan magana babba ne. A yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya an shafe shekaru ana rasa ƙananan yara daga ƙarshen damina zuwa shigowar sanyi, ana zaton kumburin ƙwaƙwalwa ne na ƙwayar cuta, har likitocin yara suka nuna, a binciken da aka wallafa a 2007, cewa yaran na ɓare kwanson rai ɗore ne suna cin ɗanyen irin, gubar ta lalata musu hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Ana cewa suya na rage wannan guba, amma babu mai hankalin da zai jingina lafiyar gidansa a kan wutar kaskon da bai gani ba. In an tsinci falle-fallen ƙwayoyin nan a fakiti, ko da biyar ne a tafin hannu, kada a tsaya tsincewa. A mayar wa mai shago kayansa.

Yanzu ga suya. A cikin irin tafasa akwai dangin sinadarai da ake kira antirakwinon, irin su kirisofanol da emodin da obtusin. Su ne ke motsa babban hanji. A ɗanyen iri yawancinsu a ɗaure suke da sukari, shi ya sa suke wuce tumbi da ƙaramin hanji ba tare da jiki ya tsotse su ba, sai sun isa babban hanji ƙwayoyin halittar da ke zaune a can su kwance su, su fara aiki. Zafin kasko na karya wani kaso na wannan ɗauri tun kafin a sha, don haka soyayyen iri ya fi ɗanye sauƙi a ciki. Suya tana kuma fasa fatar ƙwayar. Fatar nan tauri gare ta, ruwa ba ya ratsa ta da sauƙi, kuma ita ce ke sa irin ya yi shekaru a ƙasa bai ruɓe ba. Ɗanyen iri in an zuba masa ruwan zafi a kofi kusan babu abin da zai fito sai gafi.

Nan ne fakitoci da yawa ke gazawa. An rubuta "soyayye", amma an ɗan ɗumama shi ne kawai, don cikakkiyar suya na rage nauyi kuma tana cin lokaci. A gwada haka: a ɗauki ƙwaya ɗaya a danne ta da bayan cokali a kan katako. Wadda ta soyu za ta fashe nan take da ɗan ƙara, cikinta ruwan ƙasa ne har tsakiya, ƙamshinta na kama da na gahawa da soyayyen hatsi. Wadda ba ta soyu ba za ta ƙi fashewa ko ta sille ta yi tsalle, in an fasa ta da ƙyar a ga cikinta rawaya. Wannan aibin yana gyaruwa a gida. A ɗora busasshen kasko mai kauri, ba mai ko ɗigo, a wuta matsakaiciya da ta fi kusa da ƙarama. A zuba irin gwargwadon yadda zai rufe gindin kasko shimfiɗa ɗaya, kada ya hau kan juna, a yi ta juyawa ba tsayawa. Tsakanin minti 8 zuwa 12 za a ji ya fara tsattsagewa ɗai-ɗai, ƙamshi ya tashi, launi ya ƙara duhu. A sauke a nan, a juye a tire a baza. In aka bar shi cikin kaskon, zafin ƙarfen zai ci gaba da cin sa ko an kashe wuta. Wanda ya wuce suya kuwa ba shi da gyara: ya yi baƙi, sheƙinsa ya tafi, ƙauri ya danne ƙamshi, shayinsa ɗaci ne zalla.

Dafawa ba wuya, amma tana da ƙa'ida. Babban cokali ɗaya a shafe yana kaiwa giram 10 zuwa 12, kuma ya ishi lita ɗaya ta ruwa. A ɗauraye irin da sauri a rariya, a zuba a ruwan, in ya tafasa a rage wuta ya yi minti 10 zuwa 15 yana ɓararraka a hankali, sannan a tace nan da nan. Mai gaggawar da ke son jiƙawa a kofi sai ya ɗan ɓarza ƙwayoyin a turmi, kowace ta rabe biyu ko uku, ya sa ƙaramin cokali ɗaya, ya rufe kofin minti 10. Ɓarzawa muka ce, ba niƙawa ba. A cikin ƙwayar akwai wani farin sashe mai danƙo da ke kumbura a ruwan zafi. In aka niƙa ta gari, ko aka bar ta kwance a tukunya ta kwana, shayin zai yi kauri da yauƙi, ya toshe rariya, ya daina daɗin haɗiya. Wannan ne aibin fakitocin da ke zuwa a niƙe cikin 'yan jakunkunan tsomawa, ban da cewa gari ba ya nuna ko tafasa ce ko rai ɗore.

Danƙon nan, a gefe guda, sana'a ce mai zaman kanta. Masana'antu na cire shi su sayar don kaurara cuku da askirim da abincin karnuka da kyanwoyi na gwangwani, kuma Indiya ce kan gaba wajen sarrafa shi. Tarayyar Turai ta halatta shi a abincin mutane a 2010 da lambar E427, bisa sharaɗin a wanke shi har antirakwinon ɗin da ya rage ya gaza rabin miligiram a kowane kilo. Wato sinadarin da mai shan shayin ke haɗiya da saninsa shi ne wanda doka ta tilasta wa masana'anta ta fitar.

In an dace da iri mai kyau aka dafa shi daidai, abin sha ne da ya cancanci yabo. Ruwansa garau yake, ja mai duhu, ɗanɗanonsa na soyayyen hatsi da ɗan bauri kaɗan a ƙarshen harshe. Ba shi da kafeyin, don haka mai son abu mai ɗumi da dare ba zai rasa barci ba, kuma yana shayuwa da sanyi ba tare da sukari ba. A Koriya da ƙasar Sin shayi ne na yau da kullum da aka daɗe da sani. Kada a auna ƙarfinsa da launi. Sinadaran nan suna ƙara ja a ruwan da ke da kanwa-kanwa, suna kuma dushewa in an matsa lemun tsami, alhali adadinsu bai canja ba. Haka nan wani zai ga fitsarinsa ya ƙara duhu ko ya yi ja-ja bayan ya sha, wannan launin sinadarin ne ke fita.

Maganar magani ita ce inda takardar bayan fakiti ta fi zarce gona da iri. Aikin da babu jayayya a kansa shi ne sassauta bayan gida. Ba nan take yake yi ba, sai bayan awa 6 zuwa 12, tunda sai ya isa babban hanji. Mai gajen haƙuri da ya sha kofi ɗaya bai ji komai ba ya ƙara biyu, shi ne ke kwana da murɗawar ciki. Kundin magunguna na ƙasar Sin ya karɓi irin nau'in tafasa biyun nan, ya kuma ƙayyade giram 9 zuwa 15 a rana ga babban mutum. Wannan shi ne iyaka, ba wurin farawa ba. A fara da kofi ɗaya daga litar da aka dafa, da yamma, a ga yadda ciki zai karɓa.

Ƙa'idar duk maganin sassauta ciki na wannan dangi ita ce kada a wuce mako ɗaya zuwa biyu a jere ba tare da ganin likita ba, kuma tafasa ba ta fita daga ciki ba don ta fi sauran sauƙi. Yawan zawo na zubar da ruwa da fotasiyam, ƙarancin fotasiyam kuwa na rikita bugun zuciya. Saboda haka mai shan maganin zuciya na digoksin ko magungunan sa fitsari na hawan jini kada ya taɓa shi sai da izinin likitansa. Daɗewa ana sha na sa bangon babban hanji ya yi duhu, abin da likitoci ke gani in sun zura kyamara, yana kuma washewa bayan watanni in an daina. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da yaron da bai kai shekara 12 ba, da mai gudawa, da mai ciwon cikin da ba a gano musabbabinsa ba, duk ba nasu ba ne. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai, a matsayar da ta fitar a 2018, ta ce wasu sinadaran dangin nan, har da emodin, sun nuna alamar lahanta ƙwayoyin gado a gwajin ɗakin bincike, kuma ta ƙi sanya wani adadi da za ta ce a sha kullum hankali kwance. Fakitin da ya ce "a sha sau uku a rana kullum" bai yi wa mai saye adalci ba.

Sunan irin a Sinanci yana nufin ƙwayar da ke haskaka ido, kuma daga nan masu talla suka samo alƙawarin gyaran gani. Shi da na sauke hawan jini da rage kitsen jini, mafi yawan abin da suka dogara a kai gwaji ne a kan ɓeraye da 'yan ƙananan gwaje-gwaje a kan mutane. Bai kai a ajiye ƙwayar asibiti ko tabarau ba. Rage ƙiba kuwa, abin da sikeli ke nunawa bayan zawo ruwa ne da abin da ke cikin hanji, zai dawo da an ci an sha.

Akwai amfani ɗaya na waje da ya daɗe, musamman a likitancin gargajiya na Indiya: niƙa iri ko ɗanyen ganye a kwaɓa a shafa wa makero. Yana da tushe, don sinadaran na hana wasu nau'in funfunar fata yaɗuwa a gwajin ɗakin bincike. Sai dai soyayyen iri na shayi ba shi ne kayan aikin ba, kuma shafin na iya sa fata ta yi ja da raɗaɗi, don haka a fara gwadawa a ɗan wuri a hannu a jira kwana ɗaya. Makeron kai kuwa, wanda ke cin gashin yara, cutar na cikin tushen gashi inda shafi ba ya kaiwa. Wannan sai maganin sha na asibiti na makonni, kuma jinkiri na iya barin tabon da gashi ba zai sake fitowa ba.

Ganyen ya fi irin sauƙin sha'ani, kuma a ganinmu shi ne ya fi cancantar kuɗin mai saye. Busasshensa na ɗauke da furotin wajen kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, ga kalsiyam da karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. A yammacin Sudan har daka ɗanyensa ake yi a danna a tulu a binne kusan mako biyu ya ruɓa, a dunƙula a shanya, a riƙa sa shi a miya a madadin nama, suna kiransa kawal. Abin da za a nema a fakiti shi ne ganye ɗungurungum, ba gari ba. Da shi ne za a iya tabbatar da tsiron: a jiƙa 'yan reshe a ruwa su buɗe, za a ga 'ya'yan ganye shida, uku na fuskantar uku, kowane ya fi faɗi ta wajen kai, kan kuma a dakushe yake ba tsini. Tsakanin biyun ƙasa akwai ɗan tsinin tsiro kamar kan allura. Na rai ɗore ya fi yawan 'ya'ya, galibi takwas zuwa goma, kowane da tsini kamar mashi, kuma maimakon ɗan tsinin nan ɗan ƙulli gare shi a can gindin sandar ganye.

Launi na faɗin yadda aka shanya. Kore mai duhu shanyar inuwa ce. Ruwan ƙasa ko rawaya-rawaya ya sha rana kai tsaye, karotin ɗinsa ya ragu, ko kuwa tsohon ganye ne da aka tsinka bayan tsiron ya yi fure. Yawan kara da guntayen kwanso a leda shaida ce ta biyu cewa an makara wajen tsinka, kuma tsohon ganye ya fi ɗaci, ya fi jijiya, ya fi saurin sakin ciki. Hamamin tafasa nata ne, ba aibi ba ne, yana raguwa da dahuwa. Warin rima ko na funfuna dabam ne, yana nufin an ƙulla ganyen bai gama bushewa ba. Mai kyau in an murza shi a yatsu rugujewa yake yi, ba lanƙwashewa ba. Fakitin da ya faɗi inda aka tsinko ya fi wanda ya yi shiru, domin tafasa ta fi son bakin titi da juji da gefen gonar da ake fesa wa maganin ciyawa, kuma wanki ba ya fitar da duk abin da ganye ya sha a irin waɗannan wurare.

Giram 25 zuwa 30 na busasshe ya ishi mutum biyu, tunda ɗanyen ganye kusan kashi huɗu cikin biyar ɗinsa ruwa ne, in an jiƙa zai dawo da jikinsa. A jiƙa a ruwan ɗumi mai yawa minti 20, a tsamo ganyen da hannu daga sama maimakon a juye kwanon, don yashi ya zauna a ƙasa. A maimaita har sai an shafa gindin kwano ba a ji tsaki-tsaki ba. A zuba a tafasasshen ruwa minti 10 zuwa 15, a zubar da ruwan, a matse. Ruwan farkon nan shi ke tafiya da ɗaci da kaso mai yawa na abin da ke sa zawo. Yana tafiya da wasu sinadaran amfani ma, amma ciniki ne mai riba. Daga nan a dafa shi yadda ake dafa kowane ganye, da ɗan mai, domin jiki ba ya tsotsar karotin sosai sai da maiƙo. Garin ganye ya hana mutum duk waɗannan matakan: ba a gane tsiro, ba a fitar da yashi, ba a zubar da ruwan farko. In shi kaɗai aka samu, a fara da ƙaramin cokali ɗaya a tukunya.

Da an buɗe fakiti, iri ne ko ganye, a juye a kwalba mai murfi, a ajiye inda babu rana babu danshi. Soyayyen iri na rasa ƙamshi cikin 'yan watanni, don haka ƙaramin fakiti ya fi babba, ko a sayi ɗanye a riƙa soya na mako biyu-biyu. Wanda aka ƙi saboda ƙwaro ko gauraye, kada a watsa wa kaji ko a zuba wa shanu a dusa: ɗanyen irin tafasa da na rai ɗore duka suna lalata tsokar dabbobi in sun ci da yawa, abin da makiyaya a kudu maso gabashin Amurka suka sani sarai, inda ciyawar ke gauraya da masara da waken suya a lokacin girbi. Kada kuma a zubar da shi a lambu ko kan tarin taki, don ƙwayar da ba ta soyu ba za ta yi ta tsirowa damina bayan damina. A ƙone shi, ko a ƙulle a leda a sa a shara.